Mushe Firigo, Ina Labarin Kabad Mai Igiya?

Mushe! Kada ka tsuke fuska, ba ni na raɗa maka sunan ba. 'Yan lakwal ɗinka ne ke kiranka da shi, kana amsawa har da gyara wuyan riga. Mu nan Kano idan aka ce mushe, hanci ake toshewa a leƙa sama a ga ko ungulu ta iso. Amma tunda a Damagaram muƙamin malamin makaranta ne, to Allah ya ja zamanin Mushe, ɗan goggona, bawana na gado.

Labari ya iso ni, kuma ba zan faɗi bakin da ya kawo shi ba, don tana dafa maka tuwo. An ce firijin nan da ka ɗauko daga Kano bara ya sami ƙarin girma. A hawan sama takardun jarrabawar yara, a na tsakiya hulunanka biyu da kwalbar turare, a aljihun ƙasa, inda Bature ya tanada don kayan miya, alkakin da kake ɓoye wa jikoki. Igiyar wutarsa kuwa an naɗe ta an rataye a bayansa kamar wutsiyar tsohon jaki. To ni tambaya ɗaya ta kawo ni, tunda kai ne shehin rarraba kaya aji-aji: wannan abin yanzu a wane layi za ka rubuta shi?

Ka tuna ranar? Ka sauka da sassafe, ka biyo ta Matamaye da Daura, ƙura har cikin gira, ka zo sayen kayan ɗakin 'yarmu. Ko ruwa ba ka sha ba ka zaro littafi. Ka ja layi da jar biro ka raba shafi biyu, dama manyan kaya, hagu ƙanana, kowane da kansa da Faransanci. Na ce maka ka bar littafin nan a gida, kasuwa ba aji ba ce. Ka ce ai mu 'yan Najeriya matsalarmu rashin tsari. Shi ke nan, na ja bakina, na bi ka Sabon Gari ina jiran rabona na dariya, kuma Allah bai hana ni ba.

Shagon farko ka yi sallama, ka gyara tsayuwa, ka ce kana neman wajen “goro elektiromenaje”. Mai shago, mutumin kirki, ya ji goro kawai, ya aiki yaro bakin titi ya sayo maka fari guda biyu. Ka ce a'a, kongilato kake so. Ya ce motar Kwangwalam ba a nan ake hawa ba. Ka ce to kilim fa? Ya nuna maka layin masu man shafawa. Da ka kai ga bantilato, wallahi sai da ya dube ka daga sama har ƙasa, ya ce, “Alhaji, da girmanka, bante?” Ni ina gefe na dafe wata firiza, hawaye na zuba. Da ban buɗe baki na ce firiza da esi da fanka yake nufi ba, da har yau kana can kana cin goro.

To amma tsakani da Allah, namu ma ba na yabo ba ne. Mu ne muke ce wa murhun gas kuka, kalmar da ta riga ta gaji da aiki: ita ce itaciya, ita ce miya, ita ce abin da jariri ke yi. Mace ta ce ta ɗora kuka a kan kuka, hayaƙi ya sa ta kuka, kuma duk gidan an gane. Kowane talabijin mai faɗi a wajenmu filasma ne, ko da kamfanonin sun daina ƙera filasmar tun tuni. 'Yan rediyo suna ta fama da “na'urar sanyaya ɗaki”, mutanen gari na cewa esi, tsofaffi na cewa iyakwandishan, kowa na shan iskarsa. Fanka kuwa asalinta daga Indiya take, Turawan Ingila suka taho mana da kalmar. Risho ma, ga shi na faɗa da bakina, daga Faransancinku muka aro shi. Ka rubuta wannan a littafinka, shi kaɗai ne bashin da kuke bin mu, ku da wutar da kuke ce wa kuran ma wani kason nata ta Katsina take bi ta same ku.

Wanda na fi so duk cikinsu shi ne dutsen guga. Babu dutse a jikinsa ko ƙanƙane, ƙarfe ne da roba da igiya, amma sunan kakansa ya bi shi har cikin soket. Haka suna yake, idan ya kama abu ba ya saki. Su Faransawan da kake taƙama da su, da yawansu Frigidaire suke ce wa kowane firiji, alhali sunan kayan wani kamfanin Amurka ne da aka laƙaba tun 1919. Daidai da yadda goggo, Allah ya ƙara mata lafiya, take ce wa kowane garin sabulu Omo, kowane dunƙulen miya Maggi. Ka ga ashe Bafaranshe ma ɗan ƙauye ne, kwat kawai ya fi ka.

Bari in koya maka abin da littafinka bai faɗa ba, kyauta, don na san aljihunka. 'Yan kasuwar Turai sun daɗe da raba kayan nan da launi. Firiji da firiza da injin wanki da murhu da injin wanke kwanuka, su ne “fararen kaya”, saboda a da farin fenti mai ƙyalli ake shafa musu. Rediyo da talabijin da garmaho su ne “kaya masu ruwan ƙasa”, don a akwatin katako ake saka su, su zauna a falo kamar kujeru. Faransawa suka ƙara da “masu ruwan toka”, wato kwamfuta da danginta. Na roƙe ka da girman zumunci, kada ka zo Kano ka ce kana da farin kaya uku a gida. A nan farin kaya jami'an tsaro ne. Majalisa za ta watse kafin ka rufe baki, mai shayi ma ya bar maka tukunyarsa.

Kuma dubi yadda rabon ya tsufa. Firijin da muka saya wa 'yarmu ruwan azurfa ne, talabijin ɗin ango baƙi wuluk, injin wankin maƙwabciyata ja ne kamar gauta. Farin kaya ba fari ba, mai ruwan ƙasa babu ƙasa a jikinsa. Dutsen gugarsu ke nan su ma.

Sai batun babba da ƙarami, inda ka fi zaƙewa. Ka tsaya a tsakiyar kasuwa kana gardama da ni wai maikirowef ƙaramin kaya ne, a layin hagu yake. To na farkon da kamfanin Raytheon ya fitar a Amurka a 1947 ya kusa mita biyu a tsaye, nauyinsa ya haura kilo 300. Da shi ka saya, da sai an rushe zauren gidanka kafin ya shiga. Yau yarinya na rungumarsa ta hau bene. Har yanzu ma shagunan Turai ba su daidaita a kansa ba, wani ya jera shi da manya, wani da ƙanana. Da Tarayyar Turai ta gaji da irin gardamarka, a dokarta ta kwashe sharar kayan lantarki, tun 2018 sai ta ɗauko tef: abin da wani gefensa ya wuce santimita 50 babba ne, wanda bai kai ba ƙarami, kayan sanyi da allunan kallo da ƙwan fitila kuma kowane da ajinsa daban. Na auna a raina, Mushe. Da wannan doka turmin goggo babban kaya ne, randa babban kaya ce, tumbinka kuwa tun kafin ka yi aure na biyu ya tsallake layi. Wasa nake. Tun kafin na farko.

Su kuma 'yan kwastan, waɗanda kuke ce wa duwan, nasu rabon ya fi na kowa ban mamaki, kuma littafi ɗaya duniya ke bi, na hukumar kwastan ta duniya da ke Burasel. Firiji da firiza lambarsu 8418, esi 8415, injin wanki 8450, duk a babin injuna. Murhun lantarki an tura shi 8516, ɗaki ɗaya da dutsen guga da na'urar busar da gashi. Murhun gas kuwa, tunda ba ya shan wuta, an kore shi daga dangin gaba ɗaya, yana 7321, babin kayan ƙarfe, maƙwabcin ƙusa da allura. Kuka biyu, aiki ɗaya, tuwo ɗaya suke dafawa, amma a takarda ko gaisawa ba sa yi. Su abin da ya dame su da me aka ƙera shi, me ke motsa shi, nawa za a biya. Kowa da abin da yake nema yake yanka layinsa. Kai ne kaɗai ka yanka naka don a ce ka yi lakwal.

Ai mu ma muna da namu rabon, ba a littafi yake ba shi ya sa ka raina shi. Ka je gidan da ake shirin biki ka saurari mata. Akwai kayan ɗaki, gado da katifa da kujeru da sif, wannan wuyan uban amarya. Akwai kayan kicin, su tukwane da kuloli da kuka, wannan iyaye mata ba sa barin kowa ya sa musu baki. Akwai kayan kallo, talabijin da tauraron ɗan'adam da kayan sauti, a gidaje da yawa wannan na ango ne. Ka ga “masu ruwan ƙasa” na Bature ke nan, mun ba su sunan da ya fi nasa ma'ana, don aƙalla kallon ake yi. Rabonmu ba ruwansa da launi ko tsawo. Tambayarsa ɗaya: aljihun wa?

Firiji ne ɗan rigima. Dangin amarya su ce kayan wuta ne, na ango ne. Dangin ango su ce abinci ake sa wa a ciki, na kicin ne. Na ga auren da aka kusa ɗagawa a kan wannan. Kai da kanka, Mushe, mai jar biro, da aka zo nan sai ka rufe littafi ka ce ai a al'adar Damagaram kawun amarya na Kano ne ke sayen firigo. Al'adar da aka haifa a cikin shago, ranar Talata, bayan azahar. Na biya, don 'yata ce, kuma don in samu abin gorantawa har ƙarshen rayuwata. Ga shi na fara.

Rabo na biyu shi ne na janareta, wanda kuke ce wa gurup, kamar wata ƙungiyar 'yan daba. Idan aka ɗauke wuta aka tayar da ɗan ƙaramin nan da 'yan Kudu ke kira na-fi-maƙwabcina, kaya kashi biyu ne tak: wanda yake ɗauka da wanda ba ya ɗauka. A nan ne littafinka yake kifewa. Dutsen guga, da ka sa a layin ƙanana, yana shan wat dubu ko fiye. Hitar dafa ruwa, 'yar ƙarfen nan da ake tsomawa a bokiti, ita ma haka. Firiji da ka naɗa sarkin manya, idan yana tafiyarsa lami lafiya abin da yake sha bai kai rubu'in haka ba, sai dai lokacin da kwamfiresa zai tashi yakan fizgi wuta da ƙarfi, ƙwan fitila ya lumshe ido, inji ya yi tari. Kowace matar aure a Kano ta san wannan ba tare da ta ga allo ba. Ka jona dutsen guga a ƙaramin inji ka ji yadda za a kira sunanka daga cikin ɗaki, ba kuma Mushe za a ce ba.

Esi kuwa da doki ake auna shi, mu da ku duka. Doki ɗaya, doki ɗaya da rabi, doki biyu. Ka tambayi mai shago ko rabin dokin na gaba ne ko na baya, ka yi dariya kai kaɗai. Na yafe maka wannan, gajiyar hanya ce.

Yanzu mu zo kan kabad ɗinka. Mun gama sayayyar amarya, sabon firiji a kwalinsa, an kira 'yan dako. Sai idonka ya faɗa kan wani dogo a lungu, ɗan gwanjo, fari tas, ƙofa biyu, da ɗan hoton tuta manne a goshinsa da rubutun da ni da kai ba mu iya karantawa ba. Mai shi ya ce daga Turai ya zo, wata tsohuwa ce ta yi amfani da shi, ita ma ba kullum ba. Duk firijin gwanjo na duniya tsohuwar nan ce ta yi amfani da shi, Allah ya ba ta lada. Ya faɗi kuɗi, ka buga lissafin sefa a ka, ka ga jika nawa za ka tsira da su, fuskarka ta washe. Ka ce kayan Turai ai ba a haɗa su da na yanzu. Na ce mu juya shi mu duba takardar bayansa. Ka ce kai da ka karanta kimiyya da Faransanci ba Bakano ne zai nuna maka bayan firigo ba.

To ga abin da ke bayan. Kowane firiji yana da 'yar takarda manne, wani a baya, wani a ciki ta gefen aljihun kayan miya. A jikinta akwai ajin yanayin da aka ƙera shi dominsa. SN da N an yi su ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba. ST yana jurewa har 38. T, na ƙasashen zafi, har 43. Wannan shi ne rabon da ya shafe ka, harafi ɗaya ko biyu, kuma shi kaɗai ne babu a littafinka. Na leƙa naka lokacin da ake ɗaure shi a mota. N ne, Mushe. Ɗan sanyi ne, ɗan hutu, wanda aka haifa don garin da ake sa rigar sanyi a watan Mayu. Ka ɗauke shi ka kai shi Damagaram, inda a Afrilu zafi ke haura 40 ƙadangare na neman inuwa, ka jingina shi da bango a ɗaki mai rufin kwano, ko tazarar tafin hannu ba ka bar masa ya yi numfashi ba.

Da hunturu ya yi maka aiki, har ka kira ni kana kaɗa ƙanƙara a kofi kusa da waya don in ji. Bazara na shigowa kwamfiresa ya kama gudu ba tsayawa, dare da rana, ruwa na fitowa kamar an ajiye shi a aljihu. Mai gyara ya zo ya ce gas ne, ya ƙara. Ya dawo ya ce gas ne, ya ƙara. A zuwa na uku ya dafa shi ya yi shiru, irin shirun da likita ke yi kafin ya ce a kira 'yan'uwa. Za ka ce me ya sa ban hana ka ba tun a Kano. Na yi niyya. Sai na tuna ni ɗan kawunka ne, ba ubanka ba, kuma shekara ta yi nisa ban samu abin tsokanarka ba.

Abin da ya fi ba ni dariya ma, tsofaffin firiji da esi da kwamfiresa suna cikin kayan da kwastan ɗin Najeriya suka haramta shigowa da su, Gana ma ta rufe musu ƙofa tun 2013. Saboda wutar da suke zuƙa, da tsohon gas ɗin da ke cikin wasunsu, irin wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina don yana cin rufin sararin sama. To ta ina naka ya shigo? Kai da ke zaune a bakin iyaka ka fi ni sanin hanyoyin dare. Ina zargin ta ƙofar gidanka ya wuce cikin buhunan wani abu, ya zo Kano ya huta, ka biyo shi ka biya kuɗin mota ka mayar da shi inda ya fito. Ko ɗan'uwa aka yi wa wannan hidima ai ya gode.

Na ji kuma an ce yanzu ruwan da kake ba baƙi daga randar goggo ake ɗebowa, kuma sun ce ya fi. Kada ka ji kunya, kimiyya ce ita ma. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, jikan magina tukwane, ya saka tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan na tsotsewa ta jikin yumɓu yana tafiya da zafi, kayan miya su kwana da yawa ba su lalace ba. Har lambar yabo ta Rolex ya samu a 2000. Kuma abin ya fi aiki inda iska take a bushe, wato kamar don garinku aka yi shi. Ba ya neman kuran, ba ya neman gurup, ba a ƙara masa gas. Kwastan ma sai su sosa ƙeya kafin su ba shi lamba. Ka tambayi goggo a wane layi take sa randarta, dama ko hagu, amma ka tsaya nesa da muciya.

Ina nan tafe bayan Sallah in ga ɗakin 'yata, in ga firijina, wanda na duba bayansa da idona kafin in biya. Ka tanadar mini masauki, ban da ɗakin da kabad yake, kada in tashi cikin dare da ƙishirwa in buɗe in sha turare. Alkakin da ke aljihun ƙasa kuma kada ka taɓa shi, na riga na sa shi a lissafi. Kuɗin sharar bana da kake ta aiko mini saƙo a kansu, ka cire daga kuɗin firijin amarya, ka turo mini canji. Littafin nan mai jar biro ka ajiye mini shi a hawan sama, kusa da takardun yara, ina so in ga makin da ka ba kanka.

Ka gaida goggo, ka ce ɗan ƙaninta mai hankali yana gaishe ta. Za ta gane wanda ake nufi.